Kokwamba: abin da take yi wa jiki, da abin da ba ta yi

Da zarar zafi ya kankama, musamman a watannin Afrilu da Mayu da awon zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, kokwamba na cikin kayan lambun da kasuwarsu ke buɗewa. Ana ganin ta a kan teburan masu sayar da salati, a faifan ƴan talla, haka kuma a kwanon shan ruwa cikin watan azumi. A lokaci guda kuma saƙonni na yawo a WhatsApp da Facebook suna cewa tana maganin hawan jini, tana narkar da tumbi, tana wanke ƙoda. Wasu daga cikin maganganun na da tushe, wasu kuwa an yi musu ƙarin gishiri. Ga abin da aka tabbatar a kanta.

Asalinta da danginta

Kokwamba, wadda mutane da dama a Nijar ke kira da sunanta na Faransanci, konkombur, ƴar gida ɗaya ce da kankana, kabewa, guna da duma. Gurjin da aka sani a gonakin damina ɗan uwanta ne na kusa, amma ba iri ɗaya ba ne. Asalinta daga yankin Indiya ne, inda aka shafe sama da shekaru 3,000 ana nomanta. A yau ƙasar Sin ce ke noma mafi yawan kokwambar da ake ci a duniya.

Shuka ce mai son ɗumi da ruwa, kuma ba ta ɗaukar lokaci: kimanin wata biyu bayan shuka ake fara tsinka. Wannan ya sa ta dace da noman rani, a garaken bakin kogin Kwara a Yamai da na fadamun kudancin ƙasa.

Ruwa ce da ake taunawa

Kimanin kashi 95 cikin 100 na nauyin kokwamba ruwa ne. A cikin giram 100 na ɗanyarta da ɓawo akwai kalori 15 kacal, da sinadarin fotasiyom kimanin miligiram 147, da ɗan bitamin K, da ɗan bitamin C, sai kuma rabin giram na harza, wato zare-zaren da ke taimaka wa hanji wajen fitar da bayan gida. Abin gina jiki da maiƙo kusan babu su a ciki.

Idan aka yi lissafi, babbar kokwamba mai nauyin giram 300 na ba jiki ruwan da ya ɗan ɗara rabin ledar ruwan sha ta rabin lita. Ke nan tana taimakawa wajen rage ƙishirwa, amma ba ta maye gurbin shan ruwa. Magini, ɗan kabu-kabu ko macen da ta wuni a bakin murhu na zubar da gumin da kokwamba biyu ko uku ba za su iya mayarwa ba. Ga mai azumi ma haka abin yake: a fara da dabino da ruwa, kokwamba ta biyo baya a matsayin ƙari.

Inda amfaninta yake

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na shawartar kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da kayan marmari a rana. Kokwamba hanya ce mai sauƙi ta cika wani ɓangare na wannan awo, domin ba ta buƙatar gawayi ko gas, ba ta buƙatar tukunya.

Babban amfaninta kuwa yana cikin abin da take hana mutum ci. Kwalbar lemu mai santilita 33 na iya ƙunsar sukari kusan giram 35, wato kamar ƙwaya bakwai. Wanda ya saba kashe ƙishirwar la'asar da lemun kwalba, in ya koma ga ruwan sanyi da ƴan yankan kokwamba, ya rage wa jikinsa wannan nauyi kullum. Haka nan wanda ya fara da salati kafin ya sa hannu a shinkafa ko taliya yakan ƙoshi da wuri. Ta nan ne take taimaka wa mai son rage ƙiba da mai ciwon sukari, tunda sukarin da ke cikinta kaɗan ne. Babu wani sinadari a cikinta da ke narkar da kitse.

Sai dai sau da yawa mahaɗi ne ke ɓata amfanin. Kwanon salatin da aka lafta wa mayonez, aka barbaɗa magi da gishiri, ya tashi daga abinci mai sauƙi. OMS na son baligi ya tsaya ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya, burodi da yaji. Haɗin da ya fi dacewa shi ne na gida: kokwamba, tumatir, albasa, ruwan lemun tsami da ɗan mai kaɗan. Idan aka daka ƙuli-ƙuli aka zuba, ko aka ƙara dafaffen wake ko ƙwai, an samu abin gina jikin da ita kanta ba ta da shi.

Abin da ba ta yi

Gaskiya ne fotasiyom na taimakawa wajen daidaita hawan jini, wato tansiyo. Amma OMS na maganar sama da miligiram 3,500 ne a rana ga baligi, alhali babbar kokwamba ɗaya ba ta kai 500 ba. Wake, dankali da ayaba duk sun fi ta wannan sinadari nesa ba kusa ba. Don haka wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na ciwon sukari, ya ajiye shi ya koma shan ruwan kokwamba, yana wasa ne da ransa. Hawan jini kan daɗe ba tare da wata alama ba, sai ranar da ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Batun wanke jiki da ruwan da aka jiƙa kokwamba a ciki ma ba shi da madogara. Hanta da ƙoda ne ke tace jini. Abin da jiƙon ke yi shi ne ya sa ruwa ya yi daɗin sha, kuma wannan ma riba ce ga wanda ruwa ke ginsa. Mai ciwon ƙodar da aka ƙayyade masa ruwa da fotasiyom kuwa, sai ya tambayi likitansa tukuna.

Ɗora yankakkiyar kokwamba mai sanyi a kan fatar ido na iya rage kumburin gajiya na ɗan lokaci, kuma sanyin ne ke yin aikin. Ba ta maganin apolo, ba a kuma sa ta a kan ƙuna ko gyambo. Ƙuna ruwa mai tsabta take buƙata, a yi ta zubawa har minti 20.

Yara ƙanana

Jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Bayan nan ma, kokwamba ba abincin yaye ba ce: tana cika ƙaramin ciki ba tare da ta ba da ƙarfi ba. Kunu mai gujiya, wake, ƙwai da zogale sun fi ta amfani ga yaro mai tasowa. Idan za a ba shi, a yanka ta sirara-sirara don gudun shaƙewa. Yaron da ke zawo kuwa ruwan gishiri da sukari na asibiti, wato SRO, da ƙwayar zink yake buƙata.

Wanki shi ne kan gaba

Tunda ɗanya ake cin ta, duk ƙwayar cutar da ta hau jikinta tana iya kaiwa ciki. Wasu garaken birni, irin na kwarin Gunti Yena a Yamai, sun daɗe da shan gurɓataccen ruwan da ke gangarowa daga unguwanni, ga kuma takin dabbobi, ƙura da hannuwan kasuwa. Zawo, taifot da kwalara duk ta abinci da ruwa marasa tsabta suke shiga, kuma jahar Maraɗi ta sha fama da kwalara a 2018 da 2021. Ko a Amurka, daga 2015 zuwa farkon 2016 sama da mutum 900 suka kamu da cutar salmonela sanadiyyar kokwamba.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A wanke hannu da sabulu. A wanke kokwambar da ruwa mai tsabta ana murza ɓawon, tun kafin wuƙa ta taɓa ta, domin wuƙar da ta ratsa ɓawo mai datti tana kai dattin ciki. Masu amfani da ruwan jabel ko farmanganat su bi awon da ma'aikatan lafiya suka nuna, sannan su ɗauraye. Gishiri ko binegar kaɗai ba su kashe dukkan ƙwayoyin cuta. A ɓawon ne harza da bitamin K suka fi yawa, amma in ana shakkar inda ta fito, fere ta ya fi. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kaza da su, kada su taɓa salati sai an wanke su.

Wadda aka riga aka yanka aka ajiye a rana, ƙuda na sauka, gara a bar ta a sayi guda a yanka a gida. Salatin da aka haɗa kuma kada ya wuce awa biyu a waje.

Zaɓe da ajiya

Kokwamba mai kyau tana da tauri da nauyi a hannu, launinta kore shar. Wadda ta fara rawaya ta tsufa, wadda ta yi laushi ko ta yanƙwane ta rasa ruwanta. Idan aka ɗanɗana aka ji ɗaci mai ƙarfi, a zubar: wani sinadari ne da shukar ke ƙarawa idan ta sha ƙishi ko zafi, kuma yana iya ɓata ciki.

Ba ta son sanyi mai tsanani, don haka a aljihun ƙasa na firijo ake sa ta, a cinye cikin ƴan kwanaki. Inda babu firijo, ko wuta na yawan ɗaukewa, a naɗe ta a jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta a ajiye kusa da randa, a kuma sayi daidai ta yau da gobe.