Ratar da Ba Ta Wuce Silin Gashi Biyu Ba: Daga Bindigar Toka Zuwa Harsashin Tagulla

Idan ka taɓa ganin mafarauci a Indabo ko wani ƙauyen Wudil yana ɗura bindigar toka, ka lura ta baki yake zuba albarushi, ya tura dalma, ya danna da sanda. Ko ka san me ya sa dalmar ke shiga cikin sauƙi? Saboda ta fi ramin bututun ƙanƙanta.

Irin wannan bindiga ta shigo Afirka ta Yamma ta hannun Turawa 'yan kasuwa na bakin teku, ciki har da mutanen Denmak da ke Ankara ta ƙasar Gana. A ƙarni na 18, bututun bindigar sojan Ingila yana da faɗin kusan milimita 19, dalmar kuwa kusan 17.5. Dole a bar wannan rata, don tokar albarushi na taruwa bayan kowane harbi. Amma tana da illa: iskar fashewa na zurarewa ta gefe, dalma kuma na karo da bangon bututu, sai saiti ya ɓaci.

A 1849 wani hafsan Faransa, Claude Minié, ya fito da dalma mai rami a gindi, wadda ke buɗewa lokacin harbi ta toshe ratar. Daga baya aka koma ɗura bindiga ta baya da kwanson tagulla. Dabarar ita ce, kwanson na kumbura ya manne da bangon mazauninsa ya hana iska fita, sannan ya ɗan tsuke don a iya zare shi.

Nan ma an sha wuya. A yaƙin Abu Klea na Sudan, a Janairun 1885, bindigogin Martini-Henry na sojan Ingila sun riƙa cijewa a gaban mayaƙan Mahdi. Kwanson nasu siririyar tagulla ce naɗaɗɗiya, idan bindiga ta yi zafi sai ya maƙale. Hakan ya sa aka koma kwanso ɗaya tak marar naɗi. Da Kanar Morland ya iso ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, sojojinsa na riƙe da bindigogin harsashi har da mai ruwa ta Maxim, yayin da yawancin masu kare birnin ke da baka, mashi, takobi da bindigar toka.

Yau ratar ta koma wuyan kwanso, wato inda ya riƙe kan harsashi. Ba ta wuce kaurin silin gashi ɗaya ko biyu, amma sai da ita wuyan zai buɗe ya saki harsashin. Duk lokacin da aka harba kwanso aka sake cika shi, tagullar na matsawa gaba, wuyan ya ƙara tsawo, wani sa'in har da kauri. In ratar ta ƙare, wuyan ya shaƙe harsashi, matsin iska ya haura abin da ƙarfen zai iya ɗauka. Daga nan sai tsagewa, kuma fuska da hannun mai harbi ne mafi kusa.

Shi ya sa masana'antu ke auna wannan rata da na'urori masu tsananin daidaito. Ido ba ya ganinta, kuma bindigar da aka ƙera ba tare da awo ba, ko harsashin da aka sake cikawa da ka, na iya cin mai shi kafin ya ci nama.