Daga Bakin Rijiya Zuwa Kamfama: Tarihin Saukar Baƙo a Ƙasar Dakoro

Wajajen shekarar 1343, Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan garin Tanja ta Maroko, ya sauka a tsibiran Maldif da ke cikin tekun Indiya. Ya zauna can har aka naɗa shi alƙali. Cikin abubuwan da ya ba da labarinsu akwai yadda mutanen tsibiran ke tarbar baƙo. Da jirgin ruwa ya tsaya, sai su taso cikin ƴan kwalekwale, kowa riƙe da ɗanyar kwakwa da ganyen da suke taunawa, ya miƙa wa wanda ransa ya kwanta da shi cikin matafiya. Wanda ya karɓa ya zama baƙonsa ke nan, sai ya ɗauke masa kaya zuwa gida kamar ɗan'uwansa na jini.

Bayan shekara goma, a 1353, mutumin nan yana Takadda, garin jan ƙarfe da masana ke cewa kufansa na Azelik, kusa da Ingal a Nijar ta yau. A nan ya ambaci wata ƙasa da ake kai wa jan ƙarfen, wadda ya kira Kubar, masana tarihi da yawa kuma suna ganin Gobir yake nufi. Bai taka Dakoro ba, garin ma babu shi a lokacin. Amma ƙasar da ke tsakanin Abzin da gulaben kudu, inda Dakoro take yanzu, hanya ce ta mutane da raƙuma tun da daɗewa, kuma yadda ake sauke baƙo a cikinta bai yi nisa da abin da ya gani a tsakiyar teku ba. Matafiyi ba ya tambayar ina ɗakin kwana. Abin da yake tambaya shi ne wa zai sauke shi.

Labaran baka na Gobirawa sun nuna cewa bayan sun baro Abzin sun yi zama a Birnin Lalle, wanda ba shi da nisa da garin Dakoro na yanzu, kafin su gangara Goran Rami, daga baya Alƙalawa, wadda ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Wanda ya je Birnin Lalle yau yana tsammanin ganin ganuwa irin ta Kano zai dawo da ƙorafi, domin darajar wurin tana bakin dattawa ne fiye da abin da ido ke gani. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun sa manoma suka tattaru a kudu, kusa da Maradi da Tsibiri, arewa kuma ta zama ta makiyaya da maharba da masu wucewa. Sai bayan zuwan Faransawa, da hare-hare suka yi sauƙi, manoma suka riƙa hawowa arewa suna saran daji suna kafa ƙauyuka.

A irin wannan ƙasa masauki na farko rijiya ce. Kwarin Tarka, tsohon kogin da ya ƙafe tun zamanin da babu mai tunawa, ya ratsa yankin daga gabas zuwa yamma, kuma a cikinsa ruwa ya fi kusa. Da an hau tudu kuwa, akwai rijiyoyin da sai an ɗaura igiyar guga a jikin raƙumi ko sa, ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya iso baki. Wanda ya haƙa rijiya shi ke da ikon wurin. Baƙo ya iso da garke ko da ayari, wurinsa zai fara zuwa ya yi sallama. Ba a hana mai ƙishi ruwa, wannan kowa ya sani, amma kwana nawa za ka yi, da wane lokaci dabbobinka za su sha, wannan mai rijiya ke yankewa. Har gobe yawancin rigingimun da ake kaiwa gaban hakimai a arewacin Dakoro daga nan suke tasowa.

Masauki na biyu gona ce, kuma a ganina shi ne mafi hikima cikin duk tsare-tsaren da aka taɓa yi a wannan ƙasa. Bayan kaka, Buzaye masu ayarin gishiri, waɗanda suka ɗauko kantu da dabino daga Bilma da Fashi, ko gishirin Tegidda, sukan gangaro kudu neman hatsi. Ba sa neman ɗaki. Manomi ne zai nuna musu gonarsa da aka gama girbe, su sauke kaya, su kafa shinge da amalai, raƙuma su ci kara su zubar da taki. Mai gona yana aika musu damin gero, wani lokaci har da fura. Su kuma su bar masa gishiri da gonar da za ta yi yabanya baɗi. Babu wanda ya biya wani kuɗin kwana, kuma babu wanda ya yi asara. Iyali guda na Buzayen Kel Geres ko Kel Ewey zai iya yin shekara da shekaru yana sauka a gonar gida guda, ɗa ya gaji abokin ubansa. Fulani makiyaya ma haka suke yi da shanunsu. Abin ya fara lalacewa ne lokacin da kara ya zama kuɗi, manomi ya koma tattare shi yana sayarwa ko yana ajiye wa nasa dabbobin.

A manyan garuruwa kuwa, fatoma ke riƙe da baƙo. Shi ne mai masaukin fatake, wanda a wasu wurare ake ce wa mai gida kawai. Madugu ya shigo da ayari, kowane falke ya nufi gidan fatomansa. Zai sami ɗaki, da tuwon dare, da wurin ɗaure jakuna, da ɗakin ajiye kaya. Aikin fatoma bai tsaya nan ba. Shi ke haɗa baƙo da mai saye ta hannun dillalansa, shi ke yin tafinta, kuma in an sayi kaya bashi shi ne ya tsaya. Mai saye ya gudu, fatoma zai biya daga aljihunsa, in ba haka ba sunansa ya ɓaci daga nan har Gwanja. Ribarsa tana cikin la'ada. Wannan tsari Hausawa suka ɗauka suka kai Salaga da Kumasi, suka kai unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, inda mai bincike Abner Cohen ya tarar a shekarun 1960 cewa cinikin shanun arewa kacokan a hannun masu gidaje yake.

Kuɗin da aka daɗe ana biyan la'adar nan da shi ma daga Maldif ya fito. Wuri, ɗan ƙaramin farin ƙwanson nan, a tsibiran ake tsamo shi daga teku, kuma Ibn Battuta ya ga ana ciniki da shi a can, ya sake ganinsa a ƙasar Mali da Gawo. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, bayan ya biyo ta Agadas da Damargu da Tasawa da Katsina, wuri 2,500 ake ba da shi a kan azurfar Mariya Taresa guda. Wuri 20,000 shi ake kira keso. Dattijuwar da ta ɗinka wuri a jikin ƙwarya a wani ƙauyen Kornaka ta ƙasar Dakoro, kayan tekun Indiya ne a hannunta.

Faransawa suka kawo wani irin masauki dabam: kamfama. Ɗaki ne ko bukkoki da ake ginawa a manyan ƙauyukan kan hanya domin kumandan da gardawansa in sun fito rangadi, ƙidayar mutane ko karɓar haraji. Talakawa ke ginawa da aikin dole, su ke kawo ruwa da itace da kaji da ƙwai da ciyawar doki. A nan sai baƙo ya zama mai ba da umarni, mai gida ya koma bara a ƙofar gidansa. An soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka a watan Afrilun 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A shekarar da ta biyo, 1947, aka mai da Dakoro mazaunin mulki, domin a sa ido kan makiyaya da manoman da ke ta hawowa arewa. Daga nan garin ya fara girma: ofishin kumandan, gidan gardawa, lakwal, likita, sai kasuwa.

Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta yi doka a watan Mayun 1961 wadda ta shata iyakar noma ta arewa. Abin da ke sama da layin na kiwo ne. Layin ya bi ta ƙasar Dakoro, wajen kwarin Tarka, kuma ko da yake gonaki sun daɗe da tsallake shi, ya bayyana abin da garin yake: mahaɗar mai garke da mai rumbu. Shi ya sa kasuwannin dabbobi na Dakoro da Sakabal suka yi suna. Kuma a nan ne tsohon tsarin fatoma yake raye har yau, ko da sunan ya koma dillali. Bafillace ko Buzu ya koro bisashensa tun jajibirin kasuwa, gidan dillalinsa zai kwana. Zai ci, zai sha shayi, a ɗaure masa dabbobi. Gobe dillalin ne zai tsaya a yi ciniki, shi ne kuma shaidar cewa ba na sata ba ne. Ɗan kasuwar da ya zo daga Maradi, mai nisan kilomita kamar 120, ko daga Jibiya ta jihar Katsina, shi ma yana da nasa mai masaukin. Da za a ƙidaya baƙin da ke kwana a Dakoro a mako, waɗannan za su rinjayi kowa, amma ba sa shiga littafin kowane otel.

Shekarun fari sun kawo wasu baƙin iri biyu. Na farko su ne waɗanda dabbobinsu suka ƙare a 1973 da 1974, sannan a 1984, yunwar da mutanen Nijar ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a mulkin Buhari. Waɗannan a bakin gari suka sauka, ƙarƙashin aduwa da kandili, wasunsu ba su sake komawa daji ba. Na biyu su ne ma'aikatan agaji masu fararen motoci. A 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Dakoro, wasu ƙungiyoyin ma suka yi ta zuwa. Su suka sa aka fara gina gidajen haya na siminti da ɗakunan saukar baƙi masu fanka da janareto. Galibin abin da mai zuwa Dakoro yau zai kira masaukin zamani daga wannan zamanin ya samo asali.

To, me mai yawon buɗe ido zai zo gani? Amsa mafi ƙarfi ita ce Gadabeji, arewa da Dakoro, wadda tun 2011 ta koma ƙarƙashin sabuwar gundumar Bermo. A 1955 aka keɓe gandun, mai faɗin hekta 76,000, lokacin da mariri da jimina da raƙumin dawa ke yawo a cikinsa. Fari da bindiga suka share su, aka bar barewa da dila da jan biri da tsuntsaye. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin gandayen da ake kiyayewa tare da mutanen da ke rayuwa a kewayensu. A watan Nuwambar 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a mota, aka sake su a Gadabeji bayan kusan shekara hamsin rabon wurin da su. Wannan irin raƙumin dawa na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya rage a daji. A 1996 guda 49 aka ƙidaya, daga baya suka haura 600. Sai kuma tarukan Fulani Wodaabe na ƙarshen damina a kewayen Bermo, da bikinsu na gerewol, wanda Turawa masu ɗaukar hoto suka daɗe suna bi.

Maldif, wadda ta ba mu wuri, ta bi wata hanya. A 1972 ta buɗe wurin shaƙatawa na farko a wani tsibiri, sannan ta shafe shekaru tana ware baƙi a tsibiran da babu kowa, nesa da ƴan ƙasa. Sai a 2009 aka yarda talaka ya buɗe gidan baƙi a tsibirin da yake zaune. A 2019 baƙi kimanin miliyan 1.7 suka shiga ƙasar. Kuɗi sun shigo ba shakka, amma an ɗauki kusan shekara arba'in kafin mai ɗan gida ya sami rabonsa kai tsaye. In har wata rana Gadabeji ta ja mutane, ina ganin kuskure ne a fara da katafaren otel mai katanga. Makiyayan da ke kewaye da gandun su suka san inda raƙuman dawa ke kwana, kuma sauke baƙo ba sabon abu ba ne a wurinsu.

Sai dai ranar ba ta kusa ba. A ranar 9 ga Agustan 2020 ƴan bindiga suka kashe Faransawa 6 da ƴan Nijar 2 a Kure, wurin da ya fi ko'ina karɓar masu kallon raƙumin dawa, kuma tun daga nan baƙin Turai suka ɗauke ƙafa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar Nijeriya har zuwa Maris na 2024, abin da ya taɓa dillalan Dakoro fiye da yadda rashin Turawa ya taɓa su, domin shanu da raƙuma da tumakin yankin kudu suke tafiya. Mai son ganin Gadabeji yanzu, ɗan Maradi ne ko ɗan Katsina, sai ya fara biyawa ta ofishin ma'aikatan gandun daji ya nemi izini da ɗan jagora, ya sami mota mai iya rairayi, ya ɗauki ruwansa da tabarmarsa. Lokacin da ya fi dacewa daga ƙarshen damina ne zuwa sanyin hunturu, kafin zafin Afrilu ya sauko.