Ɓarayi Biyu, Suna Ɗaya

A bakin jama'a, "satar fasaha" suna ɗaya ne da ake rataya wa ɓarayi biyu. Na farko shi ne mai kwafar fim ɗin Kannywood ko littafin wani ya baza a kasuwa. Kuɗi ya kwashe, amma sunan mai abu yana nan a bango. Na biyun ba kuɗi yake nema ba: sakin layin wani yake ɗagowa, ya goge sunan mai shi, ya ɗora nasa. Shi ne ke hana editocin mujallun bincike barci, kuma a ganina "satar basira" ta fi dacewa da aikinsa.

Kalmar da Turawa ke kiransa da ita ta samo asali ne daga Latin, plagiarius, wato mai satar mutane. Mawaƙin Rum, Martial, a ƙarni na 1 miladiyya, shi ya jefi wani da ita, don ya ɗauki baitocinsa tamkar bayin da ya 'yanta, wani kuma ya zo yana cewa nasa ne. Malaman adabin Larabci sun ce intihali. Wanda ya zauna a zauren hadisi ya san nauyin isnadi, wato jingina magana ga mai ita, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mujallu da yawa suna bin ƙa'idojin COPE, kwamitin da editoci suka kafa a Birtaniya a 1997. Maƙala na isowa, sai a zuba ta a manhaja irin iThenticate, ta fito da kaso na kamanceceniya. Wannan kason ba hukunci ba ne, domin manhaja ba ta san niyya ba. Edita ne zai jera rubutun biyu ya duba, ya tuntuɓi marubuci. Idan an riga an buga, ƙaramin laifi gyara ake yi masa, babba kuwa janyewa. Janyewar ma ba gogewa ba ce: maƙalar na nan a intanet, da tambari a fuskarta da sanarwar dalili.

Sunan da ya fi damuna shi ne wanda ake ba marubucin da ya kwafi tsohon aikinsa, wai ya saci kansa. Mutum ba ya satar rigarsa. Laifinsa yaudara ce, ya kawo tsoho a matsayin sabo, ya ƙirga aiki ɗaya sau biyu wajen neman ƙarin girma. Shi ya sa COPE take kiran abin sake sarrafa rubutu, take kuma duba yawan abin da aka maimaita da ko an faɗi inda ya fara fitowa.