Charlie Chaplin: Ɗan Talakan Da Ya Sa Duniya Dariya

A tarihin silima da wuya a sami wanda ya haɗa sana'o'i da yawa a hannu guda kamar Charlie Chaplin. Shi ke tsara labari, shi ke fitowa a wasan, shi ke ba da umurni, daga baya ma har kiɗan shi ke shiryawa. Wannan ne ya ba shi damar faɗin abin da ke ransa game da talaka, kuma shi ne ya jawo masa fitina.

An haife shi a birnin Landan ran 16 ga Afrilu, 1889. Mahaifinsa mawaƙi ne da giya ta lalata, mahaifiyarsa kuwa ta sami taɓin hankali. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan gajiyayyu. Ya tashi yana wasa a dandali don neman abinci, har ya shiga ƙungiyar 'yan wasan Fred Karno, wadda ta tafi da shi Amurka a 1910.

A 1914 ya fara fitowa a silima, a kamfanin Keystone. Nan ya ƙirƙiro kamannin da aka san shi da su: wani fakiri mai burgujejen wando da matsattsen kwat, da manyan takalma, da 'yar hula da sanda, ga ɗan gashin baki. A zamanin nan hotunan silima ba su magana, saboda haka Bature da Balarabe da Ba'indiye duk suna gane wasansa ba tafinta.

Da ya ga masu kamfani ne ke da wuƙa da nama, sai a 1919 ya haɗu da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa United Artists, don su mallaki aikinsu. Daga nan ba mai ce masa yi ko bari. A cikin The Gold Rush na 1925 ya nuna mayunwaci yana dafa takalminsa yana ci. Wanda ya san yunwa ne kaɗai zai iya tsara wannan. A Modern Times na 1936 ya nuna lebura da injin masana'anta ya haɗiye. A 1940, tun Amurka ba ta shiga yaƙi ba, ya fito da The Great Dictator, inda ya mai da Hitler abin dariya, ya kuma fito a matsayin Bayahude mai aski.

Bayan yaƙi sai aka fara zarginsa da goyon bayan 'yan gurguzu. A 1952, yana cikin jirgin ruwa zuwa Ingila, hukumar Amurka ta soke takardarsa ta komawa. Ya koma Suwizalan da iyalinsa, can ya rubuta tarihin rayuwarsa, wanda aka buga a 1964. Sai bayan shekara ashirin, a 1972, ya sake taka Amurka, ya karɓi lambar girmamawa ta Oscar.

Sarauniyar Ingila ta ba shi muƙamin Sir a 1975. Ya rasu a Suwizalan ran 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara 88.