Daga Ƙidayar Wuri Zuwa Digirin Digirgir: Tarihin Malamin Lissafi a Ƙasar Gobir

Lissafi ya riga makarantar boko zuwa ƙasar Gobir da ɗaruruwan shekaru. A kasuwannin da ke tsakanin Isa da Sabon Birni da ƙauyuka irin su Gangara, wuri ne kuɗin ciniki har farkon ƙarni na 20, kuma ƙidayarsa sana'a ce mai zaman kanta. Mai ƙidaya yakan baza wuri a ƙasa, ya riƙa jan biyar-biyar da yatsu yana tarawa, ashirin ta zama hauya, ɗari ta zama zangu, dubu ashirin kuma ta cika keso guda. Kalmomin ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in daga Larabci Hausa ta aro su. Kafin zuwansu gomiya biyu da gomiya uku ake cewa. Wannan aro shaida ce cewa tun da wuri ƙidayar kasuwa ta haɗu da hisabin malamai.

A zaure kuwa, buƙatar shari'a ce ta raya lissafi. Zakka tana da nisabi: shanu 30, tumaki ko awaki 40, raƙuma 5, sannan ɗaya cikin goma na amfanin gonar damina da rabin hakan ga gonar da aka yi wa ban-ruwa da wahala. Amma fagen da ake gane gwani shi ne rabon gado, wato ilimin fara'ili, wanda ɗalibi kan tarar a ƙarshen Risala da Muhtasar Halil. Misali ɗaya ya isa ya nuna zurfinsa. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Matar tana da tumuni, 'ya'yan suna da sulusi biyu, uwa da uba kowanne sudusi. Idan aka kasa dukiyar gida 24, matar za ta ɗauki 3, 'ya'yan 16, iyayen 4 da 4, jimla 27, abin da ya zarce dukiyar da ke ƙasa. Sai malami ya mai da asalin rabon 27, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwadon haƙƙinsa. Wanda ya iya wannan a kan allo ya san ɓangarorin lamba fiye da ɗalibai da yawa da suka gama sakandare. Ga kuma lissafin taurari 28 da manoma ke bi don sanin shigar damina da fitarta, kowane tauraro kwana 13, ɗaya daga ciki yana da ƙarin kwana guda, shekara ta cika 365. Marubuta waƙoƙin ajami su ma sukan rufe waƙa da ramzi, kalmar da idan aka tara ƙimar haruffanta za ta ba da shekarar da aka yi ta.

Babu jami'a a wancan zamani, amma akwai abin da ya yi kama da karatun gaba da digiri. Ɗalibin da ya ƙure malamin garinsu sai ya ɗauki buzu da gafaka ya nemi wanda ya fi shi, ya zauna gabansa shekaru, ya karɓi ijaza, sannan shi ma a zo gabansa. Wanda ya fi shahara a wannan tafarki ta fuskar hisabi shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina. Ya yi karatu a wurin malaman ƙasar Hausa da Barno da Bagirmi, ya tafi aikin hajji, ya zauna Alkahira yana karantarwa, kuma a can ya rasu a 1741. Mai masaukinsa shi ne Hasan Aljabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin Masar. A 1732 ya rubuta littafi kan hatimi, wato murabba'in da ake jera lambobi a gidajensa ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya: 15 ga mai gida uku-uku, 65 ga mai gida biyar-biyar. Jama'a sun fi sanin hatimi a laya da rubutun sha, sai dai abin da ya sa masana tarihin lissafi ke ambaton Alkashinawi shi ne ƙa'idojin da ya shimfiɗa na gina hatimi mai gidaje mara, irin uku-uku da biyar-biyar, komai girmansa. Neman ƙa'idar da ta game dukkan misalai, maimakon warware misali guda, shi ne ainihin aikin masanin lissafi a kowane zamani.

Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, sarautar Gobir ta watse, daga baya ta sake tsayuwa a Tsibiri kusa da Maraɗi, wani reshe kuma ya kafa Sabon Birni. Iyakar Turawa ta zo ta raba 'yan uwa: na arewa suka koyi lissafin boko da Faransanci, na kudu da Ingilishi. A ɓangaren Ingila, makarantar da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ita ce mafari, kuma a elementare da Hausa ake koyar da tarawa da ɗebewa da sau da rabawa. Manufar ba ta wuce samar da malaman haraji da magatakardan En'e ba. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ita ce ƙololuwar karatu a Arewacin Najeriya, kuma don horar da malaman makaranta aka kafa ta. Ahmadu Bello ya gama ta a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Shehu Shagari, wanda ya yi ta bayan ta koma Kaduna, ya koyar da kimiyya a wannan Midil ɗin. Haziƙai ne, amma tsarin bai buɗe musu ƙofar digiri ba, balle bincike.

Kudancin Najeriya ya yi gaba. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, kuma a 1950 Chike Obi ya zama ɗan Najeriya na farko da ya samu digiri na uku a lissafi, daga Kambirij ta Ingila. Arewa ta jira zuwan Iya Abubakar, haifaffen Belel ta Adamawa a 1934, wanda ya bi ta Kwalejin Barewa da ta Ibadan, ya yi nasa digirin na uku a Kambirij. Bincikensa ya shafi yadda igiyar girgiza ke tafiya cikin ƙasa da yadda take warwatsuwa idan ta ci karo da wuri mai gargada. Ya dawo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ya shugabanci sashen lissafi, sannan ya shugabanci jami'ar baki ɗaya daga 1975 zuwa 1978. Muhimmancinsa bai tsaya ga muƙamai ba. Ya tabbatar wa yaran Arewa cewa ɗan ƙauye zai iya kaiwa ƙarshen wannan fanni, ya kuma dawo gida ya koyar.

Daga nan sai zangon ya riƙa matsowa kusa da Gobir. An kafa Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Sakkwato a 1970, wadda daga baya aka sa wa suna Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, tana ba da takardar NCE bayan shekara uku. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa sababbin jami'o'i bakwai, har da ta Sakkwato, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1977 ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, aka kuma sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya cika azuzuwa da yara cikin ƙanƙanen lokaci, ya kuma tona ƙarancin malamai. Firamare na jiran kwalejin horon malamai, kwalejin na jiran mai digiri na biyu da zai koyar a cikinta, shi kuma yana jiran mai digiri na uku da zai duba aikinsa. An cike giɓin na ɗan lokaci da malamai daga Indiya da Pakistan da Ghana, waɗanda tsofaffin ɗaliban sakandaren Arewa ke tunawa har yau. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi, yawancinsu suka koma. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da aka kafa a 1988, wadda ke Sheda kusa da Abuja, an yi ta ne musamman don ƙarfafa karatun gaba da digiri, kuma Farfesa James Ezeilo ne shugabanta na farko.

Tafarkin da ya tabbata tun daga lokacin bai sauya sosai ba. Ɗalibi zai yi digiri na farko na shekara huɗu, ko uku idan ya shigo da NCE, ya yi hidimar ƙasa, idan sakamakonsa ya yi kyau sashen ya riƙe shi a matsayin mataimakin malami. A digiri na biyu yakan fara da darussa masu zurfi na aljabara da nazarin iyaka da lissafin sauyi, sannan ya rubuta kundi. Nan ne mutum ke rabuwa da lissafin samun amsa, ya shiga lissafin kafa hujja, inda ba a karɓar magana sai an nuna dalilin da ya sa ba za ta taɓa ƙaryatuwa ba. Da yawa daga masu saurin lissafi a nan suke tuntuɓe. Digiri na uku, wanda 'yan jarida ke kira digirin digirgir, yana cin aƙalla shekara uku, kuma sharaɗinsa shi ne a zo da sakamakon da ba wanda ya riga ya kafa, a tsaya gaban masani daga wata jami'a a amsa tambayoyinsa. Lissafi yana da sauƙi ɗaya da sauran fannonin kimiyya ba su da shi: ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Abin da ba ya yiwuwa sai da shi shi ne malami mai lokaci, da mujallun bincike, da natsuwa. Asusun TETFund, wanda ya samo asali daga harajin ilimi na 1993 aka sake masa tsari a 2011, ya tura malamai da dama ƙaro karatu a gida da waje, musamman Maleshiya da Ingila, abin da ya ƙara yawan masu digiri na uku a sassan lissafi na Arewa.

Yau ɗan Gangara ba ya buƙatar zuwa Alkahira ko Kambirij. A Dundaye, bayan garin Sakkwato, zai iya yin digiri ukun duka. A ƙetaren iyaka ma Maraɗi tana da jami'arta mai sunan Ɗan Dikko Ɗanƙulodo. Wahalar ta koma tushe. Shiga sashen lissafi yana buƙatar kyakkyawan sakamako a lissafi da Ingilishi da kimiyya, kuma wannan yana farawa ne daga malamin aji uku da ya iya bayanin sulusi da rubu'i. A ƙauyukan Isa da Sabon Birni irin wannan malami ya daɗe yana ƙaranci, domin masu takarda sun fi son zama birni. Tun wajen 2019 kuma hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gabashin jihar Sakkwato, aka rufe makarantu da dama a karkara, aka kwashe ɗaliban wasu makarantun kwana zuwa wuraren da suka fi aminci, dubban iyalai suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. Yaron da ya rasa shekara biyu ko uku a firamare yana iya cim ma wasu darussa daga baya, amma lissafi bene ne da ake hawa mataki-mataki, kuma daga farkon firamare zuwa digiri na uku tafiya ce ta sama da shekara ashirin.