Neman Mazauni a Damagaram: Yadda Magabata Suke Duba Wuri Kafin Su Kafa Gida



A yau mutanen karkara da yawa suna da burin su mallaki gida a birni. Wani don ciniki, wani don karatun yara, wani don ya kusanci likita. In kaka ta yi, aka sayar da wake ko gyaɗa, sai ka ga mutum ya shigo Zinder yana zagaya unguwanni, yana tambayar kuɗin fili, alhali abin da ke aljihunsa bai kai ko rabin kuɗin ba. Wasu sukan yi masa dariya, su ce yana taya abin da ba zai iya saye ba. To, tarihin ƙasarmu ya nuna mana mutumin nan bai yi wauta ba. Haka magabata suka yi. Sai sun duba wuri, sun zauna, sun tambaya, kana su zuba laka.

Sarakuna ma sun yi ta ƙaura

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali daga wani malami da ya fito daga wajen Barno, ana kiransa Malam Yunus. Ya zo ƙasar nan wajejen shekara ta 1730 da ƴan kai. Lokacin nan Zinder ba ta zama birni ba, ƙauye ce a tsakanin duwatsu.

Zuriyar Malam ba su zauna wuri guda ba. Sun yi zama a garuruwa daban-daban, kamar su Geza da Ciyanza da Gafati. Su zauna nan wasu shekaru, su tashi su koma can. Sai wajejen shekara ta 1812, a zamanin Sarki Sulaimana ɗan Tintuma, aka mai da gidan sarauta Zinder. Ku lissafa ku gani: kimanin shekara 80 ke nan tsakanin zuwan Malam da samun mazauni na dindindin.

Me ke ga Zinder da ya sa ta riƙe su? Na farko, akwai manyan duwatsu da suke taimakon mai tsaron gari in yaƙi ya zo. Na biyu, wurin mahaɗar hanyoyi ne. Hanyar da ta fito daga Agadas za ta Kano nan take biyowa, haka kuma hanyar Barno. Inda hanyoyi suka haɗu kuwa, nan kasuwa take ci.

Ko bayan an zauna, ba a yi babban gini nan da nan ba. Sai a zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaimana, wajejen 1856, aka kewaye Birni da ganuwa mai tsawo da kauri, mai ƙofofi bakwai. Tanimun ya yi sarauta fiye da shekara 30, ya rasu a 1884. A zamaninsa Damagaram ta yi ƙarfi ƙwarai, har ana ƙera igwa a cikin gari. Amma ku lura, an yi shekara 40 da wani abu ana zaune a Zinder kafin a ɗora wannan babban aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Zango, unguwar baƙi

A arewa da Birni, bayan ganuwa, akwai unguwar da ake kira Zango. Sunan kansa ya faɗi aikinta. Zango shi ne inda ayari yake yada kaya ya huta. Nan Abzinawa suke sauka da raƙumansu. Nan fatake masu zuwa daga Gat da Gadamas da Tarabulus suke kwance kaya. Suna kawo gishirin Bilma da dabino da tufafi da takarda da bindigogi. Suna komawa da hatsi da fatu da gashin jimina. A wancan zamani har da bayi ake fita, abin da tarihi ba zai ɓoye ba.

Baƙon da ya zo Zango ba ya fara da sayen gida. Wurin mai masauki yake sauka, wanda ake ce wa fatoma. Mai masauki zai ba shi ɗaki, ya aje masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya karɓi la'adarsa. In rigima ta taso, shi ne zai tsaya masa gaban manya. A cikin wannan zama baƙo yake sanin gari. Zai san rijiyar da ba ta ƙafewa da bazara. Zai san mutumin da ake ba bashi ya biya, da wanda ba a ba shi ko goro. Zai san kwarin da ruwa yake kwanciya da damana.

In fatake sun tashi, sai ya bi su. Baɗi ya dawo. In ya ga wurin ya karɓe shi, sai ya kafa bukka ya kewaye ta da zana. In ciniki ya kankama, ya yi aure, ya sami ƴaƴa, sa'an nan ne zai kira magina. Da farko galibin Zango bukkoki ne na kara da ciyawa. A hankali ta koma unguwar soraye masu zanko da ado a fuska, waɗanda baƙi suke zuwa kallo har yau. Babban attajirin nan Malam Yaro, wanda ya yi suna a ƙarshen zamanin sarakuna da farkon zuwan Nasara, a Zango yake zaune.

Ko Bature matafiyi sai da ya bi wannan al'ada. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Zinder a watan Disamba na 1852, ya tashi a ƙarshen Janairu na 1853. Masauki aka ba shi a cikin Birni, ya zauna yana jiran saƙon guzuri daga arewa.

Yadda ake samun fili a da

A zamanin da, ƙasa tana hannun sarki. Wanda yake son ya yi gida yakan bi ta hannun mai masaukinsa, su je wurin mai unguwa da ɗan goro. Mai unguwa zai so ya san ko wane ne mutumin, daga ina ya fito, mece ce sana'arsa. In an yarda da shi, sai a nuna masa kango ko fili a gaban dattawa. Ashe ke nan duba iri biyu ake yi: baƙo yana duba unguwa, unguwa kuma tana duba baƙo.

Ginin kansa ba a yin sa rana ɗaya. Da rani ake haƙo ƙasa a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a murza tubali a shanya. Sai a nemo azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Bana a yi katanga da ɗaki ɗaya, baɗi a ƙara zaure. Mutum yana gini gwargwadon ƙarfinsa, ba ya cin bashin da zai hana shi barci. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini kuwa su ne suka zama kududdufai a cikin gari. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Nasara sun zaɓi gida, sun tashi

A 1898 wani hafsan Faransa mai suna Kazamaju ya zo Zinder, aka kashe shi a watan Mayu, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga gari. Suka gina barikinsu bisa duwatsu, inda suke hangen Birni.

A 1911 suka mai da Zinder hedikwatar ƙasar Nijar baki ɗaya. Suka gina ofisoshi da gidajen ma'aikata. A tsakanin Birni da Zango aka sami sabuwar unguwa, wato Sabon Gari. Amma zaman bai daɗe ba. A 1926, zamanin gwamna Brévié, aka kwashe hedikwata aka mai da ita Yamai, bakin kogin Kwara. Shekara 15 kaɗai aka yi.

Dalilan ƙaurar suna da dama. Faransawa suna ganin Zinder ta cika kusa da Kano da ƙasar da Ingilishi suke mulki. Cinikin hamada kuma ya riga ya karye, domin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin hanyar teku. Amma babban dalilin da kowa ya sani shi ne ruwa. Garin yana zaune ne bisa dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa da yawa a ƙarƙashinsa. Rijiyoyi da tabkunan da suka ishi mutanen da, ba su iya ɗaukar babban birni mai ƙaruwa kullum. Shi ya sa daga baya sai da aka jawo ruwa daga nesa, daga Arunguza da Gogo da Macaya, sa'an nan daga Ganaram.

Ku duba wannan darasi. Gwamnati mai soja da kuɗi ta zauna a wuri, ta yi gine-gine, ƙarshe ƙarancin ruwa yana cikin abin da ya tashe ta. Gwamnati tana da halin tashi ta sake wani ginin. Talakan da ya sayar da shanunsa ya sayi fili ba shi da wannan hali.

Gari ya cika, hanya ta sake

Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun koro mutanen karkara da yawa zuwa birane. Wasu sun koma gida da ruwa ya sauka, wasu sun zauna ke nan. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami fiye da mutum dubu 200 a cikin garin Zinder. Gonakin da ke bakin gari sun zama unguwanni.

Yanzu fili ya zama haja. Kuɗi ake biya, kuma takarda ita ce shaida. A cikin gari ma'aikatar magajin gari ce take yanka filaye ta ba da takarda. A karkara kuwa, tun dokar 1993 da ta tsara sha'anin gonaki da makiyaya, an kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda suke rubuta saye da aro da jingina da kyauta. A wurin mai masauki na da, yanzu dillali ne yake tarbar baƙo. Akwai dillalai masu amana. Amma ku tuna, dillali ba ya samun la'ada sai an yi ciniki, don haka shi kullum sauri yake so.

Sa'an nan ga maganar ruwan sama. Garin da yake kukan ƙishirwa da bazara, shi ne kuma yake kukan ambaliya da damana. Tsofaffin kududdufai da hanyoyin ruwa, waɗanda magabata suka bari fili, yanzu an matse su da gini. Da rani wurin yakan bushe ƙayau, baƙo ya gani ya yi murna da araha. A watan Satumba na 2024 ruwa mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda aka gina da laka tun wajejen 1850. Gidajen talakawa da yawa sun faɗi a wannan damana.

Abin da za mu ɗauka

Ɗan uwa, in kana da niyyar gida a birni, kada ka jira sai kuɗi sun cika kana ka fara dubawa. Wanda ya zo da kuɗi a hannu, bai san gari ba, shi ne ake sayar wa kwari. Ka fara zagayawa tun kana tari. Kallo da tambaya ba su cin ko dala.

Ka je ka ga wurin sau biyu. Ka je cikin watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa yake bi da inda yake kwana. Ka koma cikin Afrilu ko Mayu, ka tambayi matan unguwa inda suke samun ruwan sha, da abin da suke biyan ƴan garuwa. Su ne suka fi kowa sanin gaskiyar wannan.

In da hali, ka kama hayar ɗaki ɗaya a unguwar, ko ka sauka wurin dangi na ɗan lokaci, kamar yadda fataken Zango suke yi. Ka gai da mai unguwa da limami da maƙwabta. Ka tambayi asalin filin. In na gado ne, ka tabbata an raba, kuma magada duka sun yarda, maza da mata.

Ka faɗa wa dillali gaskiya, cewa dubawa kake yi, ba ka shirya saye ba tukuna. Kada ka ba da kafin alƙalami don kunya ko don an ce wani zai riga ka. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Ka karanta da kanka, in da Faransanci take ka sami wanda ka amince da shi ya fassara maka, kana ka kai ta ma'aikatar da ta ba da ita a tabbatar maka.

Abu na ƙarshe, kada ka sayar da gonar da take ciyar da iyalinka don gidan da ba ka gama bincike a kansa ba. Zuriyar Malam Yunus sun yi shekara 80 suna neman mazauni, ga shi har yau fadarsu tana nan cikin Birni. In kai ka yi damana biyu kana dubawa, ba ka makara ba.

Allah ya ba kowa mazauni na alheri, ya haɗa mu da maƙwabta nagari. Amin.