Defiance: Tarihin Wata Kalmar Turanci

Defiance kalma ce ta Turanci da ke nufin halin mutumin da ya bijire wa mai iko a fili, ido cikin ido, yana alfahari da hakan. Masu fassara kan ba ta taurin kai ko rashin biyayya, kuma duka biyun sun gaza, domin mai taurin kai yana iya yin nasa a ɓoye, wannan kuwa sai an sanar. Dalilin haka yana cikin asalinta.

Kalmar ta shiga Turanci wajen shekarar 1300 daga tsohon Faransanci, tushenta kuma Latin ne, inda take nufin warware amana. A Turai ta wancan zamani kowane basarake yana riƙe da ƙasarsa ne bisa mubaya'a: ya durƙusa, ya sa hannayensa cikin na sarki, ya rantse. Idan sarki ya zalunce shi, al'ada ba ta yarda ya ɗauki makami haka kawai ba. Sai ya tura manzo ko takarda ya ce ya janye caffarsa. Malaman shari'a na kiran wannan diffidatio. Wanda ya yi haka ya zama abokin gaba da za a yaƙa bisa ƙa'ida, wanda bai yi ba kuwa maci amana ne, ko da yake sarakuna ba kullum suke mutunta bambancin ba.

Robert na Gloucester ya yi wa Sarki Stephen haka a 1138. Misalin da ya fi shahara shi ne na 1215: ranar 5 ga Mayu manyan hakiman Ingila, waɗanda suka yi sansani a Brackley, suka aika wa Sarki John cewa sun warware mubaya'arsu. Ranar 17 ga wata suka shiga Landan. A tsakiyar Yuni aka cimma yarjejeniyar Magna Carta a Runnymede, kuma ranar 19 ga Yuni hakiman suka sake yi masa mubaya'a. Wannan rana ta ƙarshe litattafan makaranta sukan tsallake ta, alhali ita ce ke nuna cewa bijirewar ba rabuwa ce ta har abada ba, matsin lamba ne da ƙofar dawowa a buɗe. Simon de Montfort da mutanensa sun bi tafarkin nan da Henry na Uku kafin yaƙin Lewes a 1264, haka kuma a 1327 William Trussell ya je Kenilworth ya janye mubaya'ar ƙasa baki ɗaya daga Edward na Biyu.

Daga nan ma'anar ta karkata zuwa kiran mutum fito-na-fito. Har zuwa naɗin George na Huɗu a 1821, wani jarumi daga gidan Dymoke kan shiga zauren walima bisa doki cikin sulke, ya jefa safar hannunsa ta ƙarfe ƙasa, yana neman duk mai jayayya da sarautar.

Sauran tarihin sananne ne. Janar Anthony Wayne ya sa wa sansaninsa a Ohio suna Defiance a 1794, garin da ke wurin ma ya gada. A Afirka ta Kudu, ranar 26 ga Yunin 1952, ANC da ƙungiyar Indiyawan ƙasar suka ƙaddamar da gangamin karya dokokin wariya da sunan Defiance Campaign, Nelson Mandela na jagorantar 'yan sa-kai, aka kama fiye da mutum 8,000. Sukan sanar da hukuma kafin su karya dokar.

Masu karatun Faransanci su yi hattara: a can défiance rashin yarda da mutum take nufi, ƙalubale kuwa défi ake ce masa.